Charles Babbage, Kakan Kwamfuta

An haifi Charles Babbage a birnin Landan, ƙasar Ingila, cikin shekarar 1791. Ubansa attajiri ne mai harkar banki. Tun yana yaro, in aka ba shi abin wasa sai ya ɓalle shi don ya ga abin da ke ciki. Da ya girma ya shiga Jami'ar Kambirij a 1810, ya ƙware ƙwarai wajen lissafi.

A zamanin nan matuƙan jiragen ruwa suna dogara ga waɗansu littattafai cike da alkaluma don su san inda suke a teku. Mutane ne ke yin lissafin da hannu, saboda haka kuskure ya yi yawa. Kuskure ɗaya kuwa ya isa ya sa jirgi ya ɓata hanya, a yi hasarar rayuka. Abin nan ya dami Babbage, sai ya ƙudura zai ƙera injin da zai yi lissafi ba kure.

A 1823 Gwamnatin Ingila ta fara ba shi kuɗi. Aka kashe wajen fam 17,000, amma ya sami saɓani da maƙerinsa, aiki ya tsaya a 1833.

Bai karai ba. A 1834 ya fara tsara wani injin wanda ya fi na fari. Ya raba shi kashi huɗu. Na fari, wurin ba shi umurni da katuna masu huji, irin waɗanda masaƙan Faransa ke sa wa injin saƙa. Na biyu, rumbu, inda a ke ajiye alkaluma. Na uku, maniƙa, inda a ke yin lissafin. Na huɗu, wurin buga amsa a takarda. Watau kamar yadda a kan ɗebo hatsi daga rumbu, a kai ga dutsen niƙa, a sami gari, haka a ke ɗebo alkaluma a sarrafa su.

To, yara, ku lura. Kowace kwamfuta ta yau haka aka raba ta: mashiga, da ma'aji, da wurin sarrafawa, da mafita. Sai dai ita da lantarki ta ke aiki, nasa kuwa da ƙafafun ƙarfe masu haƙora.

A 1842 Gwamnati ta janye hannunta ɗungum. Babbage ya ci gaba da zane-zanensa har ya mutu a 1871, bai ga injinsa ya kammala ba. Mutane da yawa suka ɗauka wahalar banza ya yi.

Amma a 1991 ma'aikatan Gidan Tarihin Kimiyya na Landan suka bi waɗansu zane-zanensa, suka gama ƙera ɗaya daga cikin injunan lissafinsa. Da aka juya shi, sai ga amsa daidai! Ashe mutumin nan ya riga zamaninsa ne. Wani kan dasa itace, jikoki su sha inuwa.