Abubakar Gumi, ɗalibin da En'e ta ciyar

A shekarun 1940 Abubakar Mahmud Gumi ya bar ƙasar Sakkwato zuwa Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934 domin malamai 'yan Sudan su horar da alƙalan Arewa. Guzurin ɗalibai, abincinsu da makwancinsu suna wuyan En'e, wato hukumar da za su koma su yi shari'a a ƙarƙashinta. Wannan ciyarwa ba ta saye bakinsa ba. Ya kammala a 1947, ya taɓa aikin magatakardan kotu, sannan ya koma koyarwa a Maru, inda saɓaninsa da limamin garin kan taimama ya kai gaban Sarkin Musulmi. A 1962 ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa. Ya rasu a Landan a 1992.