Robert Hutchins, shugaban jami'ar da ya tilasta wa kowane ɗalibi karatun bai-ɗaya

Ɗalibin da ya samu bak a Maraɗi, Tawa ko Damagaram ya san hanyarsa tun daga lise. Wanda ya fito seri D ya nufi likitanci ko aikin gona, wanda ya fito seri A ya nufi shari'a ko adabi, kuma daga ranar da ya shiga jami'a fanninsa zai riƙa karantawa. A Amurka abin ya sha bamban. Mai son zama injiniya sai ya ci darasin tarihi da na rubutu, mai son adabi kuma sai ya shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, kafin a ba shi digiri. Waɗannan darussa na dole, da ake kira ilimin bai-ɗaya, sukan cinye kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na karatun shekara huɗu. A cikin waɗanda suka yi fafutukar kafa su, babu wanda ya tsananta kamar Robert Maynard Hutchins, wanda ya ja ragamar Jami'ar Shikago daga 1929 zuwa 1951.

Ɗan limamin coci

An haifi Hutchins ranar 17 ga Janairu 1899 a unguwar Buruklin ta birnin Niyok. Mahaifinsa limamin coci ne, wanda daga baya ya koma koyarwa a kwalejin Oberlin da ke jihar Ohayo, makarantar da ta yi suna wajen karɓar baƙar fata da mata tun shekarun 1830, lokacin da ake ci gaba da bauta a kudancin ƙasar. A nan yaron ya tashi, a nan kuma ya fara karatun gaba da sakandare a 1915. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, ya bar aji ya shiga rundunar motocin ɗaukar waɗanda suka ji rauni, aka tura shi Italiya, inda ya samu lambar yabo.

Bayan yaƙi ya kammala digiri a Jami'ar Yale a 1921. Daga nan ɗaukaka ta zo masa da gudu. Yana da shekara 24 aka naɗa shi sakataren jami'ar, ya haɗa aikin da karatun lauya, ya gama a 1925, kuma yana da shekara 28 aka damƙa masa tsangayar shari'a. A 1929 Jami'ar Shikago, wadda attajirin man fetur John Rockefeller ya kafa da dukiyarsa, ta ɗauko shi ya zama shugabanta yana da shekara 30. Da yawa daga cikin malaman da zai shugabanta sun haife shi.

Abin da ya tarar

A ƙarni na 19 kwalejojin Amurka kowa abu ɗaya yake karantawa: Latin, Girkanci, lissafi da ɗan abin da ya shafi addini da falsafa. Charles Eliot, wanda ya shugabanci Harvard daga 1869 zuwa 1909, shi ya rushe wannan tsari, ya bar ɗalibi ya zaɓi darussan da ransa yake so. Sauran jami'o'i suka bi sahu. Wannan ya buɗe ƙofa ga kimiyya da harsunan zamani, amma ya zo da nasa ciwo: mutum biyu su fito jami'a ɗaya da digiri iri ɗaya, alhali ba su taɓa karanta littafi ɗaya tare ba. Harvard ɗin kanta ta fara ja da baya bayan tafiyar Eliot, Jami'ar Kolambiya kuma ta kafa darasin dole kan wayewar zamani a 1919.

Hutchins ya ɗauki matsalar da zafi fiye da kowa. A ganinsa jami'a ta zama kasuwa, kowane sashe ya baza hajarsa, ɗalibi yana tsintar maki nan da can har su cika. Wani matashin masanin falsafa, Mortimer Adler, wanda suka haɗu a 1927, shi ya nuna masa cewa duk da tarin takardunsa bai taɓa zama ya karanta manyan littattafan da aka gina ilimin Turai a kansu ba. Hutchins ya karɓi gyaran. Ya jawo Adler Shikago a 1930, su biyu suka buɗe aji na mako-mako da ƴan sabbin ɗalibai, ana karanta Aflatun da Aristotul da sauransu, ana muhawara, ba lacca. Ganin shugaban jami'a zaune da ƴan shekarar farko ya zama abin magana a jaridu.

Sabon tsari

A 1931 jami'ar ta fara aiki da abin da aka kira Sabon Tsari. Shugaban kwalejin, Chauncey Boucher, da abokan aikinsa ne suka tsara mafi yawansa, Hutchins ya ba shi ƙarfin iko. Kowane ɗalibi a shekara biyun farko sai ya bi manyan darussa huɗu: adabi da falsafa da fasaha, ilimin zamantakewa, kimiyyar halittu masu rai, da kimiyyar lissafi da sinadarai. Shiga aji ba dole ba ne. Abin da ke dole shi ne jarrabawa ta awa shida a kan kowane darasi, wadda wata hukuma ta dabam take shiryawa, don kada malamin da ya koyar ya zama shi ne alƙalin ɗalibinsa. Wanda ya ji ya shirya yana iya zaunawa ko da bai cika shekara ba.

Wannan bai ishi Hutchins ba. A littafinsa na 1936 kan ilimi mai zurfi a Amurka, ya zargi jami'o'i da son kuɗi, da mayar da kansu wurin koyon sana'a. Hujjarsa ita ce, dabarun sana'a suna tsufa da sauri, kuma wurin aiki ya fi aji iya koyar da su. Abin da makaranta kaɗai za ta iya bayarwa shi ne iya karatu da rubutu da lissafi da auna hujja. Ya ƙara da cewa a mulkin dimokuraɗiyya kowa mai zaɓe ne, don haka ilimin da a da ake keɓe wa ƴaƴan sarauta ya zama haƙƙin ɗan talaka.

Fitaccen masanin tarbiyya John Dewey ya mayar masa da martani a 1937. Ya ga cewa Hutchins yana son a tsayar da wasu gaskiya da ba a taɓa su, a naɗa masu tsaronsu, a kuma nisanta makaranta da kimiyya da rayuwar yau da kullum. Malaman kimiyya na Shikago da yawa suna tare da Dewey. Suna tsoron a kwashe shekarun da matashi ya fi kaifin ƙwaƙwalwa a kan littattafan da suka shekara dubu biyu.

Ƙwallo, ƴan majalisa da bam

Rigimarsa ba ta tsaya a manhaja ba. A 1935 wani attajiri mai shagunan magani, Charles Walgreen, ya cire ƴar ɗan'uwansa daga jami'ar, yana zargin ana cusa mata aƙidar kwaminisanci, har majalisar dattawan jihar Ilinoi ta buɗe bincike. Hutchins ya tsaya wa malamansa, ya kare ƴancinsu na koyar da kowane ra'ayi don a auna shi. Binciken bai kama jami'ar da laifi ba, kuma bayan shekara biyu Walgreen ɗin ya ba ta kyautar dalar Amurka dubu 550. A 1949 Hutchins ya sake bayyana gaban ƴan majalisar jihar a kan irin wannan zargi, bai sauya matsayi ba.

A ƙarshen 1939 kuma ya yi abin da shugabannin jami'o'in Amurka ke tsoro: ya sa aka soke ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar, wasan nan mai kama da zari-ruga, a shekarar da Jami'ar Mishigan ta lallasa su da ci 85 da nema. Tsofaffin ɗalibai suka fusata. Filin wasan ya zama kufai, kuma a ƙarƙashin kujerun ƴan kallonsa ne Enrico Fermi da tawagarsa suka tayar da injin nukiliya na farko a duniya ranar 2 ga Disamba 1942. Hutchins ya yi adawa da shigar Amurka yaƙin kafin harin Pearl Harbor, amma ya ba da jami'arsa ga aikin. Bayan an jefa bam a Hiroshima ya koma cikin masu kira da a kafa gwamnatin duniya guda.

Nasarar da ba ta daɗe ba

A 1942, cikin ruɗanin yaƙi, ya samu abin da ya daɗe yana nema. Majalisar malamai ta amince a ba da digirin farko a kan ilimin bai-ɗaya zalla. Yaro yana iya shiga tun saura shekara biyu ya gama sakandare, ya bi darussa 14 waɗanda kusan dukkansu dole ne, ya fita yana da shekara 19 ko 20. Ƙwarewa a fanni sai a matakin mastar. Jarrabawar shiga tana yafe wa mutum darasin da ya riga ya iya. James Watson, wanda daga baya shi da Francis Crick suka gano siffar ƙwayar gado ta DNA a 1953, ya shiga wannan kwaleji yana da shekara 15. Marubuciya Susan Sontag da masanin taurari Carl Sagan su ma nan suka bi.

Sai dai kowa ya yi gaba shi kaɗai, waiwaye na jiransa. Babu wata babbar jami'a da ta kwaikwayi tsarin. Da yawa sun ƙi ɗaukar digirin Shikago daidai da nasu, suka riƙa sa masu shi ƙarin shekara ɗaya ko biyu. Shugabannin sakandare ba su so a ɗauke musu haziƙan yara. Iyaye kuma suna tambayar aikin da ɗansu zai samu da takardar da ba ta ambaci wani fanni ba. A cikin gida, manyan malamai sun kai ƙararsa ga hukumar amintattu a 1944, suna ganin yana neman tattara iko a hannunsa. Yana da kaifin baki, kuma ba'arsa ta raba shi da mutanen da yake buƙata. Yawan ɗalibai ya yi ƙasa. Ya bar Shikago a 1951, kuma a 1953 magajinsa, Lawrence Kimpton, ya mayar da digiri kan tsarin da kowa ya sani, aka rage darussan dole don a ba fanni wuri.

Sauran rayuwarsa

Daga Shikago ya koma Gidauniyar Ford, a 1954 kuma ya karɓi shugabancin wani asusu mai kare ƴancin jama'a a zamanin da Sanata McCarthy yake farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci. A 1952 shi da Adler suka fitar da jerin manyan littattafan Yammacin duniya cikin juzu'i 54, daga Homer zuwa Freud. Jerin ya nuna iyakar hangensa: babu mace ko ɗaya a cikin marubutan, babu baƙar fata, babu Ibn Sina ko Ibn Khaldun, babu komai daga Sin ko Indiya. Wannan gibi ne ya zama tushen muhawarar da jami'o'in Amurka suka yi shekaru suna yi bayansa, kan littattafan wa ya kamata a tilasta wa kowa. A 1959 ya kafa wata cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a Santa Barbara ta jihar Kalifoniya, inda masana ke zama suna tattaunawa. A can ya rasu ranar 14 ga Mayu 1977, yana da shekara 78.

Abin da ya rage

Hutchins ya rasu yana ganin ƙoƙarinsa bai kai gaci ba, kuma in an auna da burinsa haka ne. Amma matsin da ya yi ya sa abokan hamayyarsa neman tasu amsar. Harvard ta fitar da rahotonta kan ilimin bai-ɗaya a 1945, kwamitin da Shugaba Truman ya naɗa ya goyi bayan manufar a 1947, kuma yau hukumomin da ke tantance jami'o'in Amurka suna sharɗanta wani kaso na irin waɗannan darussa. Yawancin jami'o'i sun tsaya a tsakiya: ɗalibi ya ɗauki darasi daga kowane babban reshe na ilimi, amma shi zai zaɓi wanne. Shikago tana cikin ƴan kaɗan da har yanzu suke riƙe da jerin darussan dole mai tsauri.

Tsarin ya ƙetaro Afirka ta Yamma ta Jami'ar Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon wata jami'ar jihar Mishigan. Ƴan Nijar da ke karatu a Sakkwato, Kano ko Zariya sun san darussan bai-ɗaya da ba a samun digiri sai an ci su, kuma da yawa suna ɗaukarsu ɓata lokaci, kamar yadda iyayen Shikago suka ɗauka shekara 80 da suka wuce. Amsar Hutchins ga irin wannan ƙorafi ita ce likita da injiniya su ma za su jefa ƙuri'a, su yi renon yara, su saurari ɗan siyasa su auna maganarsa, kuma jami'a ce wuri na ƙarshe da za a iya tara su a aji ɗaya.