Karen Carpenter, makaɗiyar da ƙin cin abinci ya kashe

Yau mun leƙa Amurka domin mu tuna da Karen Carpenter, wadda ita da wanta Richard suka kafa ƙungiyar waƙa mai suna Carpenters.

An haife ta ranar 2 ga watan Maris na 1950 a garin New Haven. A 1963 iyayensu suka ƙaura da su Downey, kusa da Los Angeles. Richard gwanin fiyano ne tun yana ƙarami, hankalin gida duk yana kansa. Ita kuwa ganguna ta kama a makarantar sakandare, abin da lokacin ba a cika ganin ɗiya mace na yi ba.

A 1969 kamfanin faifai na A&M ya ɗauke su. Shekarar da ta biyo baya waƙarsu Close to You ta zo ta ɗaya a Amurka. Wa na tsara kiɗa, ƙanwa na rerawa, har suka ci kyautar Grammy uku, suka kuma yi wasa gaban shugaba Nixon a 1973.

Da farko daga bayan gangunanta take waƙa, a zaune. Sai aka ce ƴan kallo ba su ganinta, aka matsa mata ta fito gaba ta tsaya, ba da son ranta ba. Ta shiga damuwa da jikinta, tana ta rage abinci don kar ta yi ƙiba. Zuwa 1975 nauyinta ya dawo wajen kilo 41, har aka soke wasanninsu na Turai da Japan. Cuta ce da likitoci ke kira anoreksiya: ga abinci, amma tsoron ƙiba ya hana mutum ci. A 1982 ta yi jinya a New York, to amma jiki ya riga ya gaji. Ranar 4 ga Fabrairun 1983 zuciyarta ta tsaya a gidan iyayenta, tana da shekara 32.

Rasuwarta ce ta sa mutane da dama suka fara jin sunan wannan cuta. Mu nan da muke ɗaukar ƙiba alamar hutu, abin zai zo mana banbaraƙwai. Amma in kun ga yarinya na gudun tuwo tana ramewa, kar a ce iyayi ne. A zaunar da ita a ji damuwarta, a kai ta ga likita.