Babe Ruth

George Herman Ruth, wanda aka fi sani da Babe Ruth (6 ga Fabrairu, 1895 – 16 ga Agusta, 1948), ɗan wasan ƙwallon besbol ne na Amurka, haifaffen birnin Baltimore. Ya ci gasar World Series sau 3 da ƙungiyar Boston Red Sox.

A ƙarshen 1919 mai ƙungiyar, Harry Frazee, ya sayar da shi ga New York Yankees a kan dala 100,000. Cinikin ya daɗe yana ci wa magoya bayan Boston tuwo a ƙwarya. Ruth ya ƙara cin gasar sau 4 a New York, su kuwa ba su sake ɗaga kofin ba sai 2004, har aka riƙa cewa alhakinsa ne ke bin su.

Ya yi ritaya a 1935. Ciwon daji ne ya yi ajalinsa.