Santiago Bernabeu: Ma'aikacin gwamnatin da ya gina wa Real Madrid fili da kuɗin magoya baya

A gidajen kallon ƙwallo na Bebeji da Kiru, har zuwa Tudun Wada da Doguwa, da wuya a tashi daga musu tsakanin masoya Real Madrid da na Barcelona ba a ambaci Bernabeu ba. Matasa da dama sun ɗauka sunan unguwa ne, kamar yadda ake cewa Ƙofar Mata. Sunan mutum ne, wanda ya shugabanci Real Madrid kusan shekara 35, ya gina mata fili a lokacin da ba ta da ko sisi. Kuma har yau filin ba na gwamnati ba ne, ba na wani attajiri ba ne, mallakar mambobin ƙungiyar ne masu biyan kuɗin rajista duk shekara.

An haifi Santiago Bernabeu ranar 8 ga Yuni, 1895, a lardin Albacete na ƙasar Sifaniya. Yana ƙaramin yaro iyayensa suka koma birnin Madrid, yana ɗan shekara 14 ya shiga rukunin matasan ƙungiyar. A 1912, da ƙungiyar ta koma wani fili a titin O'Donnell, yana cikin samarin da suka yi gayyar gyaran wurin da hannunsu. Ya buga wasan gaba har zuwa 1927, sannan ya shiga cikin masu gudanar da ƙungiyar. Ya karanci shari'a, amma abincinsa daga aikin gwamnati ya fito, a ma'aikatar kuɗi.

Yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939 ya same shi a Madrid. Ya nemi mafaka a ofishin jakadancin Faransa, ya fice daga ƙasar, sannan ya dawo ya yi yaƙi a ɓangaren Janar Franco. Wannan babi ne da magoya bayan Barcelona ba su taɓa mantawa da shi ba, kuma ba adalci ba ne a ba da tarihinsa a tsallake shi. Da yaƙi ya lafa, ƙungiyar ta zama kango: 'yan wasa sun watse, mambobi sun ragu, an ɓalle katakan kujerun tsohon filin Chamartin an yi makamashi da su.

A watan Yunin 1943 Madrid ta lallasa Barcelona da ci 11 da 1 a gasar kofin ƙasa, a wani wasa da ya bar baya da ƙura. Rikicin ya yi awon gaba da shugabannin ƙungiyoyin biyu, kuma a watan Satumba na wannan shekara aka ɗora Bernabeu a kan kujera. Ba ƙuri'ar mambobi ce ta kawo shi ba, domin a wancan zamani sai wanda hukuma ta aminta da shi yake riƙe irin wannan muƙami.

Abin da ya fara sa wa a gaba ya ba mutane mamaki. Ƙungiyar ba ta ɗauki kofin lig ba tun 1933, magoya baya kuwa 'yan wasa suke so a sayo musu. Shi kuma ya ce fili za a gina, mai ɗaukar ninki uku na mutanen da tsohon yake ɗauka. Lissafinsa na ɗan kasuwa ne. Babu kuɗin talabijin a lokacin, babu na tallar riga. Kuɗin shiga kallo da na rajistar mambobi su ne jarin ƙungiya baki ɗaya. Wanda rumfarsa ta fi faɗi shi zai fi ciniki, wanda ya fi ciniki shi zai sayi gwanayen 'yan wasa.

Sai dai ina kuɗin? Ƙasar na fama da talauci da ƙarancin siminti da ƙarfe, Turai na cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Wani ma'aikacin banki mai suna Rafael Salgado, shugaban bankin Mercantil e Industrial, shi ya yarda ya tsaya masa da lamuni, abin da ya sa ɗaya daga cikin titunan da ke kewaye da filin yake ɗauke da sunansa har yanzu. Amma ƙashin bayan aikin shi ne takardun bashi da ƙungiyar ta buga ta sayar wa mambobinta da sauran jama'ar gari, aka sa dukiyar ƙungiyar jingina. Mai shago da malamin ofis da ɗan kasuwa kowa ya sayi gwargwadon ƙarfinsa.

Yana da kyau a bambanta wannan da karo-karon da aka sani a nan, irin wanda ake yi a gina masallacin Juma'a ko makarantar Islamiyya, inda mutum yake bayarwa ya juya baya. Takardun bashi ne masu ruwa a kai, da wa'adin biya. Wanda ya saya bai mallaki ko taku ɗaya na filin ba saboda takardarsa. Mai bin bashi ne kawai. Mallakar tana zuwa ne ta hanyar zama mamba, domin ƙungiyar kanta ta mambobi ce, ba ta da masu hannun jari da za a raba wa riba. Ke nan magoya baya sun ranta wa kansu da kansu, suka kuma biya kansu daga kuɗin da suke bayarwa a bakin ƙofa kowane mako. A Kano abin ya sha bamban: Kano Pillars, tun kafa ta a 1990, ta gwamnatin jiha ce, haka ma filin wasa na Sani Abacha, saboda haka masu cika filin suna kirarin Sai Masu Gida ba su da ta cewa a kan ko kujera ɗaya.

An fara ginin a watan Oktoban 1944. Kafin a gama sai da Madrid ta yi zaman aro a filin maƙwabciyarta kuma abokiyar hamayyarta, Atletico. Ranar 14 ga Disamba, 1947, aka buɗe sabon filin mai ɗaukar mutum kusan dubu 75 da wasa da Belenenses ta Fotugal, Madrid ta ci 3 da 1. A wannan kakar ta ƙare a ta 11 cikin ƙungiyoyi 14, da ƙyar ta tsira daga faɗawa rukuni na biyu. Masu cewa an gina wa gurgu bene sun samu abin faɗa.

Bai janye ba. A 1953 ya ɗauko Alfredo Di Stefano, bayan doguwar taƙaddama da Barcelona a kan wanda ya riga saye, ya haɗa shi da Francisco Gento. A 1954 kofin lig ya dawo, aka kuma faɗaɗa filin ya haura mutum dubu 100. A watan Janairun 1955 babban taron mambobi ya sa wa filin sunansa. A wannan shekara yana cikin waɗanda suka mara wa jaridar L'Equipe ta Faransa baya wajen ƙirƙiro Kofin Zakarun Turai, Madrid ta ɗauki biyar na farko a jere, daga 1956 zuwa 1960, ta ƙara na shida a 1966. Gwamnatin Franco, wadda ƙasashe da yawa suka ƙaurace wa, ta ci moriyar wannan suna sosai a idon duniya.

A 1973 ya so a rushe filin, a sayar da wurin, a gina wani sabo a wajen gari. Hukumar birnin Madrid ta ƙi ba da izini, maganar ta mutu. A ƙarshen rayuwarsa ya fi zama a garin Santa Pola na bakin teku, yana kamun kifi a ɗan kwalekwalensa. Ya mutu ranar 2 ga Yuni, 1978, yana kan kujerar shugabanci, kwana ɗaya da fara Gasar Kofin Duniya a Ajantina. Ya bar wa ƙungiyar kofin lig 16, bai bar ɗa ko ɗaya ba. An binne shi a garin Almansa.

Shekara 12 bayan mutuwarsa, a 1990, Sifaniya ta yi dokar da ta tilasta wa ƙungiyoyin ƙwallon da bashi ya yi wa katutu su rikiɗe su zama kamfanonin hannun jari. Huɗu ne kawai lissafinsu ya ba su damar ci gaba da zama a hannun mambobi: Real Madrid, Barcelona, Athletic Bilbao da Osasuna.