Herbert Simon: Masanin da ya ga na'ura ma tana buƙatar fargaba

Kana tsaka da karatun jarrabawa sai ka ji ƙauri daga kicin. Ai ba ka jira ka ƙarasa shafin, zumbur za ka miƙe. Wannan zaburar ce Herbert Simon ya lura kwamfuta ba ta da ita.

An haife shi a Milwaukee ta ƙasar Amurka a 1916. Kimiyyar siyasa ya karanta a Jami'ar Chicago, amma abin da ya fi damunsa shi ne yadda mutum ke yanke shawara. A 1956, shi da Allen Newell da Cliff Shaw suka fitar da Logic Theorist, manhajar da ke tabbatar da ƙa'idojin lissafi da kanta. Bayanta suka yi General Problem Solver, mai tsara matakan cim ma buri.

Sai dai irin wannan manhaja in ta sa abu a gaba, ko gida na ci da wuta ba ta waiwaye. A wata maƙala ta 1967, Simon ya bayyana cewa aikin tsoro da makamantansa shi ne su katse shirin da ake kai idan abu mafi gaggawa ya taso, kuma na'ura mai buri da yawa tana buƙatar irin wannan ƙararrawa.

Ya samu kyautar Turing a 1975, ta Nobel a fannin tattalin arziki a 1978, ya mutu a Pittsburgh a 2001.

Tun 1971 ya yi gargaɗin cewa yawan bayanai yana cinye hankalin mutum. To, duk ƙarar saƙon da wayarka ta yi, waccan ƙararrawar take kaɗawa. Kafin ka ajiye littafin, tambayi kanka: gobara ce, ko wani ne ya ɗora hoto?