Sayyada Hajara, Uwar Annabi Isma'ila (A.S.)

Sayyada Hajara, Allah Ya ƙara mata yarda, mutuniyar Misira ce. A gidan Sayyada Saratu ta zauna, kuma Saratu ce ta ba da ita ga mijinta Annabi Ibrahima (A.S.) bayan sun daɗe ba haihuwa. Ta haifa masa Isma'ila ya riga ya manyanta.

Yaron yana shan nono umurnin Allah ya zo. Annabi Ibrahima ya kai su wani kwari da babu shuka, babu ruwa, babu mutum ko ɗaya, ya ajiye musu jakar dabino da salkar ruwa, ya juya. Ta bi shi tana tambaya, bai waiwayo ba. Da ta ji cewa Allah ne Ya umurce shi, sai ta koma wurin ɗanta zuciyarta a kwance.

Amma natsuwar zuciya ba ta hana salka ƙarewa. Ruwa ya ƙare, yaro yana birgima don ƙishirwa, ta kasa kallonsa. Ta hau Safa ta duba, ba kowa. Ta gangaro, ta tattare zanenta ta ratsa kwarin da gudu, ta hau Marwa. Sau bakwai tana wannan kai-da-komo, mace mai shayarwa, cikin rana, kafin Mala'ika Jibrilu ya bugi ƙasa Zamzam ya ɓuɓɓugo. Nan take ta durƙusa tana yi masa shinge da hannuwanta tana ɗura salka.

Masu wa'azi sukan tsaya nan, alhali abin da ya biyo baya shi ya fi nuna ko wace ce ita. Wani ayari na ƙabilar Jurhum ya hangi tsuntsu yana shawagi, suka gane akwai ruwa, suka zo neman izinin sauka. Ita kaɗai ce da jariri, kuma tana marmarin maƙwabta, duk da haka ba ta amsa a gaggauce ba. Ta yarda su zauna bisa sharaɗin cewa haƙƙin ruwan yana hannunta, suka amince, suka aika aka zo da iyalansu.

A cikinsu ta reni Isma'ila, ya koyi Larabci a bakinsu, suka so shi, suka aurar masa da ƴarsu. Ta rasu a Makka tun mijinta da ɗanta ba su ɗaga ginin Ka'aba ba.